Iskar da Ba Ta da Wari: Yadda Haidurojin ke Fashewa, da Abin da ke Hana Shi

[Kiɗan buɗe shiri]

  Muna gaishe ku daga nan Ƙofar Taramniya, ɗaya daga cikin tsoffin ƙofofin Sakkwato, birnin Shehu. Gaisuwa ga iyayenmu mata da ke cikin gida. Gaisuwa ga 'yan kabu-kabu da ke hutawa a inuwa. Gaisuwa ta musamman ga masu cajin batir, da makanikai, da masu haɗa sola. Shirin yau naku ne kafin na kowa.

Maganarmu ta yau a kan wata iska ce da ake kira haidurojin. Ba a ganinta. Ba a jin warinta. Amma tana nan a unguwarmu, a shaguna da ɗakunan kwana.

Shirin kashi huɗu ne. Na farko, mene ne haidurojin, kuma ina yake fitowa. Na biyu, yadda wutarsa ke hayayyafa. Na uku, iyakoki uku da masana suka gano, inda fashewa ke farawa da inda take tsayawa. Na huɗu, abin da ya kamata mu yi a shago da gida. A gyara zama.

Kashi na farko. Mene ne haidurojin?

A duk nau'o'in iska da Allah ya halitta, babu wadda ta kai haidurojin rashin nauyi. Iskar da muke shaƙa ta ninka shi nauyi kusan sau 14. Shi ya sa da ya fito, sama yake nufa. Ba shi da launi, ba shi da wari. Ko yana ci da wuta, da rana da ƙyar ido ke ganin harshenta. Wani masani ɗan Ingila, Henry Cavendish, shi ya bayyana shi a matsayin iska ta daban a shekarar 1766.

Ruwan da muke sha ma, haɗi ne na abu biyu: haidurojin da oksijin. Oksijin shi ne ɓangaren iska da ke raya mu, kuma shi ke raya wuta. Idan aka ƙona haidurojin, ruwa ake samu. Idan kuma aka ratsa ruwa da lantarki, sai ya rabu, kowa ya kama gabansa: haidurojin kashi biyu, oksijin kashi ɗaya.

To, ina ake ratsa ruwa da lantarki a Sakkwato? A cikin batir mai ruwa.

Ka leƙa shagon mai caji da yamma. Ga batura jere a ƙasa. An kwance murafensu. Ga wayoyi, ja da baƙi, sun harɗe da juna. Ka sunkuya nesa kaɗan, ka kasa kunne. Za ka ji wata 'yar ƙara a hankali, ka ga ƙananan kumfa suna tasowa ta ramukan. Masu sana'ar kan ce batir ya tafasa. Abin da ke faruwa shi ne, batirin ya kusa cika. Ba ya iya karɓar duk wutar da ake ba shi. Sai rarar wutar ta koma kan ruwan, tana raba shi. Kumfan nan haidurojin ne da oksijin.

Kai mai batirin sola a gida, ruwan da kake ƙara masa lokaci-lokaci, ina na da ya tafi? Zafi ya sha wani. Wani kuwa ta wannan hanya ya fita. Lita ɗaya ta ruwa, idan an raba ta, tana ba da haidurojin fiye da lita 1,200.

Yanzu ga abin mamaki. Idan ka haɗa haidurojin da oksijin a kwalba, ka rufe, ka ajiye a ɗaki, za su yi shekaru ba abin da ya faru. Amma tartsatsi ɗaya, wanda da ƙyar za ka gani, ya isa ya tarwatsa kwalbar kafin ƙiftawa da bismilla. Me ya sa? Amsar tana kashi na biyu.

[Kiɗa]

Kashi na biyu. Yadda wutar ke hayayyafa.

Kowace iska tarin ƙananan ƙwayoyi ce da ido ba ya gani. Suna yawo, suna karo da juna ba hutawa. Ƙwayoyin haidurojin bibbiyu suke tafiya, manne da juna. Na oksijin ma haka, bibbiyu. Muddin suna manne, lafiya lau. Ko sun yi karo, sai kowa ya wuce.

Tartsatsi ne ke ɓata wannan zaman. Zafinsa yana raba wasu 'yan biyun. Sai a sami ƙwayar haidurojin guda, ita kaɗai, tana neman abin kamawa. A shirin nan za mu kira ta sakakkiya. Ku riƙe sunan: sakakkiya.

Ga abin da take yi. Ta afka wa 'yan biyun oksijin, ta raba su. Ta kama ɗaya, ta saki ɗaya. Daga mai ɓarna ɗaya an koma biyu. Waɗannan biyun su afka wa 'yan biyun haidurojin. Kowane karo yana sakin sabuwar sakakkiya. Idan zagayen ya kammala, an sami ƙwayar ruwa biyu, an sami zafi, kuma an sami sakakku uku. An fara da ɗaya, an tashi da uku.

Ɗaya ta haifi uku. Wannan shi ne sirrin.

Mu ɗauki misali ɗaya, mu riƙe shi har ƙarshen bayanin. Mai tsegumi ya shiga kasuwa da jita-jita. Ya faɗa, mutum uku suka ɗauka. Kowannensu ya kai wa uku. An koma tara. Tara suka zama 27. Daga nan 81. A zagaye na goma, mutum sun haura 59,000. A zagaye na ashirin, sun haura biliyan uku. Ita kuwa sakakkiya, kowane zagaye nata ba ya kai ƙiftawar ido. Wannan hayayyafa ita masana ke kira sarƙa mai rassa. Ita ce ke mayar da ɗan tartsatsi fashewa.

Amma akwai sharaɗi. Karon farko, wato raba 'yan biyun oksijin, yana buƙatar ƙarfi. Sai sakakkiya ta zo da gudu sosai. Gudun kuwa zafi ke ba da shi. A sanyi, za ta yi ta karo ba ta raba komai ba. Shi ya sa kwalbar can ke zaune lafiya shekara da shekaru.

Kuma akwai abu na biyu. Sakakku suna mutuwa. Kamar yadda ake haihuwarsu, haka ake rasa su. Saboda haka abin tsere ne. Idan haihuwa ta fi mutuwa, ko da kaɗan ne, sai fashewa. Idan mutuwa ta fi haihuwa, sai shiru. Babu zaman tsakiya mai faɗi. Layin da ke raba biyun siriri ne ƙwarai. Wannan layin shi ake kira iyakar fashewa.

In maimaita. Fashewa tsere ne tsakanin haihuwa da mutuwar sakakku. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe shirin yau.

[Kiɗa]

Kashi na uku. Iyakoki uku.

Labarin ya faro ne a birnin Leningirad na ƙasar Rasha, a shekarar 1926. Wasu matasan masana biyu, Yulii Khariton da Zinaida Valta, suna gwaji da turirin wani sinadari mai suna fosfaras. Suka lura idan oksijin ya yi kaɗan ainun, wuta ba ta kamawa ko kaɗan. Da an ƙara ɗan mitsitsi, sai ta tashi nan take. Wani babban masani na Jamus, Max Bodenstein, ya ce kuskure ne a awo. Malaminsu, Nikolai Semenov, ya sake gwajin da kansa, ya tabbatar da gaskiyar ɗalibansa, ya kuma kawo bayanin sarƙa mai rassa. A can Oksfod ta Ingila, Cyril Hinshelwood yana irin wannan aiki da haidurojin da oksijin. A 1956 aka haɗa su biyun, Semenov da Hinshelwood, aka ba su lambar yabo ta Nobel.

To me aka gano game da haidurojin? Ku biyo ni cikin ɗakin gwaji.

Ga ƙaramar kwalbar gilas mai siffar ƙwallo. An zafafa ta zuwa digiri 500 a ma'aunin Salshiyos. Ba ashana, ba tartsatsi. Zafin kaɗai ya isa ya riƙa haifar da 'yan sakakku. Za mu bar zafin yadda yake. Abu ɗaya za mu riƙa canzawa: yawan iskar da muke cusawa ciki, wato haɗin haidurojin da oksijin. Wannan shi ake kira matsi. Ƙaramin matsi, ƙwayoyi kaɗan. Babban matsi, cunkoso.

Mun fara da iska kaɗan ƙwarai. Ba abin da ya faru. Dalili? Kasuwa ce ba kowa. Mai tsegumi ya shigo, ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, bai sami wanda zai faɗa wa ba, har ya kai bango. Haka sakakkiya ke yi. Tana isa jikin gilas ta manne, ta mutu a nan. Bango ya cinye ta.

Mun ƙara iska kaɗan. Matsin ya kai kusan kashi ɗaya cikin 500 na iskar da ke kewaye da mu. Sai fashewa! Yanzu akwai mutane a kasuwa. Kafin mai tsegumi ya kai bango, ya riga ya faɗa wa uku. Wannan ita ce iyaka ta farko. Kuma tun da bango ne ke kashe sakakku a nan, girman kwalbar da irin abin da aka shafa a jikinta suna iya matsar da iyakar.

Mu ci gaba. Kowa zai zaci ƙarin iska sai ƙarin fashewa. A wani ɗan zango, haka ne. Amma idan tun farko aka cika kwalbar da matsin da ya wuce kusan kashi ɗaya cikin 15 na iskar waje, sai a ji shiru. Ba fashewa. An ƙara abin ƙonawa, wuta ta ƙi tashi. Wannan ita ce iyaka ta biyu, kuma ita ce ta fi ba masana mamaki.

Ga dalili. A cikin cunkoso, karon mutum biyu yana komawa karon mutum uku. Sakakkiya ta afka wa 'yan biyun oksijin. Daidai lokacin, wata ƙwaya ta uku ta gifta, ta kwashe zafin karon ta wuce. Sai oksijin bai rabu ba. Maimakon haka, sakakkiya ta manne masa, suka zama wata ƙwaya mai nauyin jiki. Mu kira ta malalaciya. Ba ta da kuzarin afka wa kowa. A hankali take tafiya, har ta kai bango ta mutu. A kasuwarmu, wannan na ukun dattijo ne. Yana tsaye kusa, ya ji an fara maganar, ya dafa kafaɗar mai tsegumi, ya ce, "Malam, bar wannan zance." Idan kasuwa ta cika, dattawa ma sun yawaita.

Ku lura da wannan. Zafi yana taimakon haihuwa. Cunkoso yana taimakon wannan dattijon. Inda ƙarfinsu ya zo daidai, nan iyaka ta biyu take. Kuma ba kowace ƙwaya ce ta iya wannan sulhu daidai da wata ba. Tururin ruwa ya fi yawancinsu iyawa. Shi ya sa tururi ke danne wutar haidurojin.

Saura ɗaya. Mu ƙara matsi sosai, har ya kai kamar ninki huɗu na iskar waje. Fashewa ta dawo. Iyaka ta uku ke nan. Cunkoson ya yi yawa har malalaciya ba ta iya kaiwa bango. Tana nan a tsakiya, ana ta bangazarta. Daga ƙarshe ta fizgi haidurojin, sarƙar ta sake ƙulluwa. Ga shi kuma zafin da ake samu ba ya samun hanyar fita da sauri. Zafi ya ƙara gudu, gudu ya ƙara zafi. Mai tsegumin da dattijo ya rarrasa ɗazu, an hana shi hanyar fita, har ya buɗe baki.

Mu jera su. Shiru, fashewa, shiru, fashewa. Iska ɗaya, zafi ɗaya, matsi kaɗai ya canza. A ta farko, bango ke kashe sakakku. A ta biyu, mai shiga tsakani. A ta uku, duka biyun sun gaza.

Wani zai ce, ina ruwan Basakkwace da kwalbar Oksfod? Da ruwansa. Takin yuriya da manomanmu ke zubawa a fadama, da haidurojin ake fara yinsa. Masana'antun taki irin na Dangote a Lekki da na Indorama a Eleme suna ciro shi daga iskar gas, cikin zafi da babban matsi. Injiniyoyin irin waɗannan wurare da wannan ilimi suke tsare rayuka. Inda kuwa iskar ta kuɓuce, an ga sakamako. A watan Maris na 2011, girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka kashe na'urorin sanyaya tashar nukiliya ta Fukushima a Japan. Ƙarfe mai tsananin zafi ya ƙwace oksijin daga tururi, ya saki haidurojin. Iskar ta hau ta taru a saman gine-gine. A ranakun 12, 14 da 15 ga watan, gine-gine uku suka fashe. A sama ta taru. Ku riƙe wannan, za mu buƙace shi yanzu.

[Kiɗa]

Kashi na huɗu. Shago da gida.

A shagon caji babu zafin digiri 500, ko da a watan Afrilu ne, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. To ina haɗarin yake? A tartsatsi. Tartsatsi ɗan ƙaramin wuri ne mai tsananin zafi. A wannan ɗigon, haihuwa tana rinjaye. Tambayar ita ce, wutar za ta iya tsallakawa daga ɗigon zuwa sauran ɗakin? Wannan ya danganta da yawan haidurojin da ke cikin iskar.

Ga lambobin. Idan haidurojin bai kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki ba, wuta ba ta yaɗuwa. Daga kashi 4 har zuwa 75, tana yaɗuwa. Ku kwatanta da gas ɗin girki, wanda nasa ya tsaya tsakanin kusan kashi 2 zuwa 10. Filin haidurojin ya fi faɗi nesa ba kusa ba. Kuma tartsatsin da ke tayar da shi bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wanda turirin fetur ke buƙata ba. Ɗan tas ɗin nan da kake ji a yatsa lokacin hunturu, idan ka taɓa ƙofar mota, ya ishe shi.

Mu yi lissafi tare. Batirin mota mai bolt 12 yana da ɗakuna shida. Idan ya cika aka ci gaba da ba shi wuta amfiya ɗaya, a awa guda zai fitar da haidurojin kusan lita biyu da rabi. A ce batura goma ne a shago, kowanne yana shan amfiya biyar bayan ya cika. Lita 125 ke nan a kowace awa. A ce shagon mita biyu ne faɗi, biyu tsawo, biyu da rabi bisa. Yana ɗaukar iska lita 10,000. Kashi 4 cikin 100 lita 400 ne. Idan shagon a toshe yake ruf, awa uku da 'yan mintoci sun isa. A ƙarƙashin rufi kuwa, inda iskar ke taruwa, ba za a ɗauki tsawon wannan lokacin ba. Mai shago ya kulle ya tafi gida bayan isha'i. Da asuba yaronsa ya buɗe, ya kai hannu ga makunnin fitila.

A cikin batirin kansa ma, sararin da ke saman ruwan cike yake da haidurojin biyu, oksijin ɗaya. Wannan shi ne haɗin da ya fi kowanne tsanani. Shi ya sa batir ke fashewa a fuskar mai cire waya, ya watsa masa ruwan asid.

To, ga abin yi. Abu biyar.

Na ɗaya, mafita a sama. Haidurojin sama yake hawa, don haka huji ko taga ta kasance kusa da rufi, wata kuma a ƙasa don iska ta shigo. Ko shago na kulle, a bar su a buɗe.

Na biyu, kashe caja tukuna, sannan ka cire waya daga kan batir. Idan ka cire da wuta a jiki, ka yi tartsatsi a bakin ramin da iskar ke fita.

Na uku, kada a gwada ƙarfin batir ta hanyar goga waya a kansa don a ga walƙiya. A sayi mita. Kada a leƙa ramin batir da ashana. Ba sigari a wurin. A cire zobe, a kula da sifana, kada ta haɗa kawunan biyu.

Na huɗu, ga direbobi. Idan za ka tayar da mota da batirin wata, wayar ƙarshe ka maƙala ta a jikin inji, nesa da mataccen batirin.

Na biyar, ga iyayenmu mata da masu gida. Batirin sola mai ruwa ba na ƙarƙashin gado ba ne, ba na cikin kabad ba ne. A ba shi wuri mai iska, nesa da murhu. Ko wanda aka ce a rufe yake, idan caji ya yi masa yawa yana fitar da iska. Idan kin ji warin ruɓaɓɓen ƙwai daga batir, ko ya yi zafi ya kumbura, a kashe cajin, a buɗe ƙofa, a kira mai gyara.

Kada kuma a rikita shi da gas ɗin girki. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, kuma an sa masa wari don a gane shi. Haidurojin sama, gas ɗin girki ƙasa. Kowanne ka zarga, kada ka taɓa makunni. Buɗe ƙofa da taga, a fita waje.

Idan tsautsayi ya gifta, asid ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa na aƙalla minti 15, sannan a garzaya asibiti. Ba a murzawa.

[Kiɗa]

Jama'a, lokaci ya yi halinsa. Mu tattara. Sakakkiya ɗaya tana haifar uku. Fashewa tsere ne tsakanin haihuwa da mutuwa. Masana sun gano iyakoki uku a kwalbar gwaji. Mu kuma a unguwa iyakarmu ɗaya ce: kashi 4 cikin 100. Iska ke hana a kai ta. Kulawa ke hana tartsatsi.

Ga aikin gida. Yau ɗin nan, kafin magariba, je ka inda batirinka yake. Ɗaga kai ka dubi rufi. Idan babu inda iska za ta fita a can sama, a nemo magini ko mai walda, a fitar da baturan waje tukuna, sannan a buɗe mafitar. Masu shago kuma, a zaunar da yaran aiki a faɗa musu dalili, domin su ke buɗe ƙofa da safe.

Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu.